Tob ɗin Inna Mai Ruwan Ɗorawa

Ƙanwata tana da shekara huɗu sanƙarau ya kama ta, a wata bazara da zafi ya hana tsuntsaye kuka a unguwarmu ta Hajj Yusuf. Ta tashi, amma ba duka ta dawo ba. Idanunta na nan manya, farare tas, sai dai ta daina gane fuska. Takan kalli Baba kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya. Kalmomin da ta iya ma rabinsu sun zube.

Muka ƙetara gada zuwa Umdurman. Likitan ido ya haska, ya ce ido lafiya lau, ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa. Wanda ya san wannan aikin kuwa gwamnatin soja ta sallame shi, ya tafi Saudiyya. Gwaggo, yayar Baba, rabin maganar ta riƙe.

"Likita ya ce tana gani. Sangarta ce."

Ni na gano yadda take gane Inna. Murya ruɗa ta take yi. Abu biyu take bi: ƙamshin humra, da wani tob, dogon mayafin matan ƙasar nan, mai ruwan ɗorawa da Inna ke yafawa kullum. Duk inda launin ya gifta, can take nufa, kamar ƙudan zuma.

Sai Baba ya faɗi a wurin aikinsa a Alshajara, bai tashi ba. Inna ta shiga takaba: farin yadi, ba turare. Gida ya cika da mata. Ƙanwata ta riƙa bin su tana shinshina. Inna ta miƙa hannu ta kira ta, yarinyar ta ƙwalla ƙara ta shige ƙarƙashin gado.

Na durƙusa gaban Gwaggo. "Ko ƙyalle ne mai ruwan ɗorawa, a bari Inna ta ɗaura a hannu."

"Ke da bokonki. Ƙanena ko kwana bakwai bai yi a ƙasa ba, matarsa ta yi ado? Maƙwabta su ce mu Fallata, jikokin baƙi daga yamma, ba mu san takaba ba?"

Inna tana ji. Tabarma kawai ta zuba wa ido.

Kwana uku yarinyar ba ta ci komai ba. Ran na huɗu na buɗe akwati, na yafa tob ɗin, na shafa humra. Ta fito da rarrafe, ta cusa kai a cikina, ta ce, "Inna." Na ba ta kunu ta shanye. Mahaifiyarmu tana kallo daga kan tabarma.

Har wata huɗu da kwana goma suka cika ina yafe da shi. Ranar fita takaba na wanke shi na mayar. Inna ta yafa, ta tsuguna, ta buɗe hannuwa. Ƙanwata ta matso, ta shinshina, ta shafa kafaɗar, sai ta koma ta ɓuya a bayana. Ta riga ta haddace tsawona da takuna.

Inna ta ninke tob ɗin a hankali. "Riƙe. Ya fi yi miki kyau."

Har yau Hajiya ƙanwata take ce wa Inna, kamar yadda take kiran baƙi.