Mai Agogo, Ban Ga Fuskarka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A shekarar da ruwa ya tafi da gada na san ka, Mai Agogo, muna tsallakar da mutane da igiya, kai a can, ni a nan. Ranar Talatar nan da hantsi aka aiko mini cewa ka cika.

Idona na hagu ya daɗe da mutuwa. Da yanar ido ta rufe na dama, kai ka kai ni asibiti aka cire ta, aka dasa ɗan gilashi a ciki. Likita ta ce ban da sunkuyo, ban da ɗaukar kaya. Ni kuwa magini ne. Ko sati ba a yi ba na cicciɓi buhun siminti, don kada lebura ya ce na tsufa. Gilashin ya goce. Mutum ɗaya ya koma biyu, daga baya duk suka zama inuwa.

Likita ta ce a ciro shi a sa wani. Na ce ido ba ƙofa ba ne da za a yi ta buɗewa ana rufewa.

Kullum da safe, kafin ka buɗe shago, kana zuwa ka ɗiga mini magani da hannun nan naka da ba ya rawa. Kakan ce, "Gardamau, kullum ina canza wa agogo gilashi, ban ga wanda ya mutu ba." In ce agogo ba ya jin zafi. Ka ce, "Ba ya kuma gardama." Ka karɓo mini ranar aiki wajen likita, ka rufe shago, ka wuni kan bencin asibiti kana jirana. Ban je ba. Washegari ka zo da maganin, ka ɗiga mini kamar kullum.

Ni ake kawo wa yaro a unguwa, in dubi hancinsa in faɗi kakansa. Amma da aka buɗe mini fuskarka kafin a ɗauke ka, aka ce, "Baba, ga amininka," fari kawai na gani. Na ce na gan ka. Da na fito na kama hannun wani ina kuka, ina ce masa babban ɗanka. Ashe mai kawo kujeru ne. Ɗanka yana bayana, ya ce a hankali, "Baba, ga ni nan." Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka ga abin da ido bai taɓa gani ba. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka haƙurin rashinka.

Gobe da sassafe zan je in zauna kan bencin nan, in ce wa likita ta sa rana. An ce babbanka ya ɗauko fuskarka kaf. Ina so in gani da idona.