Shingen da Maharazu Ya Kafa wa Sunan Inna

Yayana Maharazu mutum ne da ba a gaggauta shi. Tun muna yara a Tsiga, in an aike shi kai abinci gona, sai ya tsaya a hanya yana kallon mai injin niƙa yana ɗaura bel, har tuwon ya huce. Ya sha duka a kan haka, bai daina ba. Ni ce Raudatu, ƙanwarsa, kuma ni ce mai baki a ɗakinmu. Shi ya sa ni zan ba da labarinsa, don in aka bar shi, da shi zai shiga kabari.

Mahaifinmu ya rasu Maharazu yana aji biyar na firamare. Innarmu, Hansai, ba ta sake aure ba. Ta zauna a gidan Baffa Mudi, yayan mahaifinmu, tana riƙe da gona ɗaya da aka bar mana. Masarar gonar nan ce ta ciyar da mu, ita ta kai Maharazu har ya yi difloma a fannin kwamfuta. Da ya gama, aiki ya ƙi samuwa, sai ya kama rumfar gyaran waya a Funtuwa. In babu mai kawo gyara, sai ya buɗe wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi yana koyon rubuta manhaja. Shekara shida yana haka, mutane suna cewa karatun nasa ya tashi a banza.

Sai ga Alhaji Mannir, shugaban wata ƙungiyar manoma da ke raba takin zamani mai rahusa daga Funtuwa har Malumfashi. Ya gaji da littattafan rajista da gara ke ci, yana son a zuba sunayen cikin kwamfuta. Aka nuna masa Maharazu. Ya dafa kafaɗarsa ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Ranar da labari ya iso gida, Inna ba ta ce komai ba, saboda ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Amma ta dafa shinkafa da wake ta raba wa maƙwabta.

Damina ta sauka, masara ta tsiro, aka liƙa sunayen masu karɓar taki a ƙofar gidan mai unguwa. Babu Inna. Akwai Hansai Mudi guda ɗaya, lambar katin rajistarta kuma ta nuna matar ɗan Baffa ce, wadda ita ma Hansai ake ce mata. Baffa Mudi ya ce wa Inna ta ɗebi rabin buhu cikin nasa kafin a gyara. Ta ƙi.

"Bar naka, Malam," in ji ta. "Ai muna da mutum a can. Nawa na nan tahe."

Wannan maganar har yau tana ci mini rai. Mako biyu tana jira, ganyen masara ya fara yin ɗorawa daga ƙasa. Ba ta kira shi ba, don kunya ba za ta bar ta ta nemi abu a wurin ɗan fari ba. Shi kuma bai san an yi ba, yana can yana ganin komai ya tafi daidai. Ni da nake aure a Malumfashi, sai da na je ganin gida na ga gonar da idona. Washegari da hantsi na hau mota zuwa Funtuwa.

Na same shi a ofishin ƙungiya, na zazzage masa abin da ke cikina a gaban masinja. Ya jawo mini kujera, ya juyo da kwamfutar, ya ce in zauna in gani.

Ya ce manhajar tana bin sunayen manoma dubu goma sha huɗu cikin ƙiftawar ido, ba mai iya ganin abin da take yi wa kowa. Amma akwai wata hanya da masu wannan aiki ke bi su tsayar da ita a tsakiyar gudu, su leƙa cikinta. Ya danna gefen wani layi na rubutun, wani jan ɗigo ya fito. Ya ce wannan shi ne shinge, irin na kan hanya: duk sunan da ya iso layin nan sai manhajar ta tsaya cak, har sai ya ce ta wuce. Ya sake ta. Ta tsaya a kan mutum na farko, wani Abubakar daga Bakori. Ya ce ta wuce, ta tsaya a kan na biyu.

Na ce, "Yaya, haka za mu yi har dubu goma sha huɗu? Sai an yi girbi ke nan."

Ya ce a'a, shingen yana karɓar sharaɗi. Ya rubuta masa cewa kada ya tare kowa sai mai lambar katin Inna. Ya sake sakin manhajar. Ta yi gudu har ƙarshe, ba ta tsaya ba. Na ce ga shi nan, injin naka ya lalace. Ya girgiza kai. Ya ce rashin tsayawar ma amsa ce: Inna ba ta taɓa isowa wannan layin ba, a baya aka sauke ta. Ya cire ɗigon ya mayar da shi sama, ya saki, shiru. Ya ƙara matsawa sama. A karo na huɗu manhajar ta tsaya, ga sunan Inna a gabanmu. Ya riƙa tura ta layi ɗaya-ɗaya, kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata. A layi na bakwai sunan ya ɓace.

Ya daɗe yana kallon layin. Shi ya rubuta shi da hannunsa. Alhaji Mannir ya ce masa mutane na yin rajista sau biyu, saboda haka ya sa doka: in suna ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya, lambar waya ɗaya, to a bar na farko a jefar da na biyu. A takarda dokar ba ta da aibu. Amma magatakardan da ya zagaya ƙauyuka sunan mai gida yake liƙa wa kowace mace. Duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ɗaya ga Janairu ake rubuta masa, shekarar ma wadda ta zo bakin alƙalami. Waya kuwa a gidan Baffa Mudi guda ɗaya ce, ita kowa ya bayar. Hansai biyu suka zama mutum ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi, a gidan nan aka haife shi. Ya san wayar, shi ya gyara ta sau uku. Amma da ya zo gwada manhajarsa, sai ya ƙirƙiro sunayen gwaji, kowa da wayarsa, kowa da ranar haihuwarsa, kamar ma'aikatan banki. Na faɗa masa haka a fuskarsa, kuma ban yi nadama ba sai daga baya.

Ya sauya sharaɗin, ya sa shingen ya ƙirga duk wanda layin ya jefar ba tare da ya tsaya ba. Mutum ɗari bakwai da goma sha ɗaya, yawancinsu mata da tsofaffi. Kafin la'asar ya gyara layin, ya buga sunayen, ya kai wa Alhaji Mannir. Ina tsaye a bakin ƙofa.

Alhaji ya duba shafin farko ya ajiye. "Malam Maharazu, an rufe rabo, an sa hannu. Buhunan da suka yi saura an san yadda aka yi da su. Kana so in tono abin da aka binne?"

"Ranka ya daɗe, masara ba ta jira."

"To wa ya rubuta abin? Ni?"

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yayana ne ya tsaga musu bangon. Da ƙorafi ya yi yawa, Alhaji ya tara wakilan ƙauyuka ya ce kwamfuta ce ta yi ɓarna, yaron da ya haɗa ta kuma an sallame shi. Ba wanda ya tambayi inda buhu ɗari bakwai suka shiga. A Tsiga aka riƙa nuna gidanmu da baki, ana cewa ɗan Hansai ya goge sunan uwarsa. Maharazu ya nemo buhu ɗaya a kasuwa ya kai mata, amma ihu ne bayan hari, masarar ta riga ta fitar da kai a tsumbure.

Yanzu ya koma rumfar gyaran waya. Ya rame, kuma ba ya son a yi masa zancen manhaja. Gida ma sai da sallah yake zuwa, ya gaishe da Inna daga bakin ƙofa ya fita.

Ranar da aka ɓare masarar bara, ina zaune da Inna muna sheƙa. Gonar da ke ba da buhu goma sha takwas ta ba da huɗu. Na yi ta ƙoƙarin wanke shi, ina ba ta labarin jan ɗigon nan, da yadda ya tsayar da injin a kan sunanta shi kaɗai cikin dubbai har ya gano inda ta faɗi. Ta saurara har na gama, tana tsince tsakuwa a faifai.

"Ashe ana iya tsai da shi a kan sunan mutum guda?"

Na ce ƙwarai, Inna.

"Kuma tun kafin a yi rabo ana iyawa?"

Na ci gaba da sheƙa.

"To ki ce ma yayanki ban riƙe shi da komi ba," in ji ta. "Ni dai na ɗauka ko da sau ɗaya ne zai duba ya ga ina ciki."

Har yau ban isar masa da saƙon ba.