Wa'azin da Baba Ya So Ya Aika a Kaset

Ranar da aka ce ni zan yi wa'azi, sai da na ƙona yatsa wajen walda don zumuɗi. A matatar mai ta Yanbu, a Saudiyya, muke aiki lokacin, mu 'yan tsirarun Kiristoci daga gida. Juma'a ce ranar hutu, don haka ita ce Lahadinmu. Mukan taru a ɗakin dattijonmu, mu ƙure na'urar sanyaya ɗaki ta rufe muryoyinmu, mu yi waƙa ƙasa-ƙasa, tafi kuwa da yatsu biyu.

Dattijon nan, wanda muke kira Baba, shi ya zaɓa mini nassi: misalin ɗan da ya karɓi gadonsa ya je ya watsar. Bai ɓoye dalili ba. Babban ɗansa ya bar makaranta ya bi 'yan shaye-shaye, yanzu kuma yana roƙon a bar shi ya koma gida. A zamanin nan saƙo a kaset muke aikawa, sai Baba ya ce zai ɗauki wa'azina ya tura wa yaron.

"Ka gasa masa magana, ɗana," in ji shi. "Ka tsaya a kan aladun nan da ɗan cikin misalin ya yi kiwo. Ya ji da kunnensa abin da ya zama."

Na ce to. Ni kuwa dama bakina akwai zafi, nan da nan na fara tara kalmomi. Sai dai mai bisharar ƙauyenmu ya koya mana tun muna yara cewa a karanta labari har ƙarshe kafin a buɗe baki. Na karanta, na maimaita, na ga aladun ba su daɗe a shafin ba.

Ana haka na je tashar mota sayen dabino wajen wani tsoho Bahaushen Madina, mai kawo shi daga gonakin unguwar Awali ta can. Mun saba gaisawa da Hausa. Mutum ne mai jan aji, ko miƙa maka dabino sai ya ga dama. Ina tsaye wata bas ta tsaya, ya hango ɗansa soja da ya daɗe a bakin iyaka. Sai kawai ya tattare jallabiya har gwiwa ya zura da gudu, ƙauri a waje, takalmi ɗaya ya fita.

"Aib, ya hajj! Dattijo da gudu?" wani direba ya ɗaga murya, ana ta dariya.

Ai uban da ke cikin misalin ma gudu ya yi! Sau nawa na wuce wannan ayar ban ga kunyar da ya kwasa a gaban gari ba? Na koma masauki ina ta murna, ko dabinon ban ɗauko ba.

Ranar Juma'a Baba ya danna rikoda. Ban tsallake aladu ba, na faɗe su yadda suke. Amma da na iso wajen uban, na ce yaron bai gama ban haƙurin da ya shirya ba aka aika a kawo masa riga, sai na manta inda nake. Na tattare kaftanina, muryata ta hau, har wani ya ja ni ta ƙafa. Baba ya miƙa hannu ya kashe rikodar.

"Ba abin da na sa ka ke nan ba."

"Baba, abin da ke rubuce ke nan. Ba ni da ikon tsayawa inda labarin bai tsaya ba."

Sai ya ciro kaset ɗin, ya juya shi, ya mayar, ya sake dannawa, ya gyara murya.

"Ni ne babanka. Ka koma gida wajen mamarka, ina zuwa hutu." Ya share fuska da hula. "Ka san gwiwata ba ta gudu. Kai dai ka tsaya inda zan hango ka."