Yaya Salisu da kwamfutar da ta ƙi ɗaukar muryar Baba

Watan nan ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana Salisu, mai gyaran kwamfuta a Moshi Zango da ke Kumasi. Allah Ya ji ƙansa. A Suame, unguwar makanikai, ya fara koyon wayarin na mota, daga baya ya koma kwamfuta, lokacin da masu ita a unguwarmu ba su da yawa.

A lokacin ina da ɗan shagon buga takardu a Krofrom, da tsohuwar kwamfuta guda ɗaya. Mahaifinmu dillalin shanu ne, daga arewa ya sauko Kumasi da ƙafa yana saurayi. Da jikinsa ya fara rauni, sai ya ce yana so ya faɗi asalinmu, sunayen kakanni da garuruwan da ya ratsa, kafin su tafi da shi. Yaya ya sa wa kwamfutata katin sauti da makirufo, muka ɗauko ta a tasi zuwa gida.

Baba ya gyara zama, ya yi bisimilla. Bai kai ga sunan kakansa ba, kwamfutar ta daskare. Muka kashe muka kunna, ta sake yi. A karo na uku Baba ya gaji, ya koma ya kwanta. Ni kuwa na fashe da kuka, na ce a jefar da katin a sayo wani.

“Auta, katin lafiyarsa lau,” in ji Yaya. “Ki ba ni zuwa gobe.”

Washegari da hantsi ya kwance akwatin kwamfutar a tsakar gida. Ya cire katunan ciki duka, yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowane ya gwada ɗaukar sauti. Da ya mayar da modem, wanda nake shiga intanet da shi ta layin waya, matsalar ta dawo. Ya kira ni ya nuna min a allo. Ya ce kowace na'ura tana da lambar da take katse kwamfuta da ita in tana son a saurare ta, masu gyara na ce mata IRQ. Katin sauti da modem duk suna kan lamba biyar. In ɗayansu ya kira kwamfutar, sai direban wannan, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ya amsa kiran wancan, komai ya tsaya. Ya matsar da wani ɗan maɓalli a jikin modem ɗin zuwa wata lamba, ya goge direbobin biyu, ya sake sa su.

Bayan la'asar Baba ya yi magana har kusan magariba, ba tsayawa. Mako uku bayan haka ya rasu.

Yau jikokinsa na danna waya sau ɗaya su ɗauki murya, kwamfutoci ma da kansu suke raba lambobin. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai yi murna, don bai taɓa son wahala don wahala ba. Amma zai ji haushin yadda muke yar da abu tun ba mu tambayi me ke damunsa ba. Ɗana da ke gyaran waya a Suame bai tashi a hannunsa ba, duk da haka in ya kwance waya yana gwada sassanta ɗaya-ɗaya, kawunsa nake gani.

Yaya bai bar mana gadon gida ko shago ba. Hotunansa ma biyu ne kacal. Sai bayan rasuwarsa, da na sake sauraron faifan Baba, na lura da abin da ke farkonsa. Ana jin ƙarar jan kujera, sannan muryar Yaya kusa da makirufo yana cewa, “Baba, ya gyaru. Ku faɗa a hankali, muna ji.” Iyakar muryarsa da ta rage mana ke nan.