Kan Sarkin Rumawa a Yatsan Kawu

Baƙi sukan shigo ɗakina su ga tsofaffin kuɗin da na jera cikin akwati mai murfin gilashi, sai su ce lallai Malama akwai son tarihi. Nakan yi murmushi in bar su a haka. Tarihi bai taɓa hana ni barci ba. Haushin mutum ɗaya ne ya sa na fara tara kuɗin nan, ƙanen mahaifiyata, kuma tun ranar farko abin da nake nema shi ne zoben da ke yatsansa.

Yayana, wanda nake bi, ya tafi Libiya aikin gini lokacin ina makarantar koyon aikin lafiya. Da ya dawo Faskari kowa ya sami tsarabarsa, Inna bargo, Baba agogo. Ni kuwa sai ya ja ni bayan rumbu, ya buɗe tafin hannunsa. Wani ɗan ƙarfe ne baƙi-baƙi, bai fi farcen babban yatsa da komai ba, gefensa duk a karkace. A fuska ɗaya akwai kan wani mutum mai gemu da ganye ɗaure a ka, a ɗaya fuskar wata mata ce a tsaye riƙe da sanda. Ya ce cikin yashin da suka haƙa na harsashin gini ya tsince shi, kusa da teku, kuma Balaraben da ke kula da aikin ya gaya masa azurfa ce, kuɗin Rumawan nan da malamai ke ambata a tafsiri.

"Dubi hancin," in ji shi. "Ba na Baba ba ne sak?"

Muka yi ta dariya har Baba ya leƙo yana tambaya lafiya.

Ya koma Libiya karo na biyu, sai labari ya zo cewa zazzaɓi ya kayar da shi can. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Tufafinsa aka yi sadaka da su. Abin da ya rage mini wanda hannunsa ya taɓa shi ne ɗan kuɗin nan, na sa shi cikin gwangwanin man shafawa, duk inda na je yana tare da ni. Da aka kai ni Ƙanƙara gidan miji da shi na tafi, da na dawo gida wankan jego a haihuwar fari ma da shi na dawo.

Ranar suna Kawu ya zo daga Sabuwa. Maƙerin fari ne, wato mai ƙera zobba da awarwaro, kuma ya iya aikinsa, ba zan hana shi wannan ba. Ina bayan gida ana sheƙa mini ruwan zafi, Inna ta ɗauko gwangwanin ta nuna masa, don kawai ta ji ko da gaske azurfa ce. Ya goga a dutse, ya ce tsantsa ce, irin da ba a samu yanzu. Sannan ya ɗaure fuska ya ce ina aka taɓa ajiye hoton mutum a ɗakin mai jego, ai mala'iku ba za su shiga ba, ga jaririya kwance. Inna ta tsorata. Ya jefa kuɗin aljihu, ya ci tuwon suna, ya kama hanyarsa.

Ina yin arba'in na goya yarinya na hau motar Sabuwa. Na same shi a maƙera, almajiransa na zuga, ga dattawa zaune bisa benci ana hira. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata.

"Kawu, na zo amsar ajiyata."

"Wace ajiya, ɗiyata?"

"Kuɗɗin da Yaya ya ba ni."

Ya ɗaga hannun dama ya juya shi a rana. Zobe ne mai kauri, sabo fil, yana ƙyalli a yatsansa.

"Ga shi nan," in ji shi. "Ya musulunta."

Benci ya kwashe da dariya. Wani tsoho har da buga sanda a ƙasa.

"To ba ni zoben, Kawu."

"Zoben maza ne wanga. Kuma na ƙara mashi tawa azurfa, ta ina za ki raba? Kan kafiri na raba ki da shi, maimakon ki gode mani. Mi mace za ta yi da gunki cikin ɗaki?"

Ban yi kuka a gabansu ba. Sai da na shiga mota, muna faɗawa ramukan hanyar nan, yarinya na tsalle bisa cinyata, sannan na yi mai isata. Mutumin nan rabin rayuwarsa yana kwana da kuɗi masu kan sarakunan Turawa ƙarƙashin matashinsa, bai taɓa cewa mala'iku sun ƙaurace masa ba. Azurfar ya gani ya yi kwaɗayi, ya jawo addini ya rufa a kai. Inna ta ce in bar shi da Allah. Na ce to. A raina kuwa na san ba zan iya jira har lahira ba.

Sana'ar Kawu a kan tsofaffin kuɗi take tsaye. Azurfar kasuwa gauraye take, shi kuwa sunansa ya fita ne saboda da tsohuwar azurfa yake aiki: sulallan zamanin Turawa na farko, da fataka, da uwarsu duka, dala, babbar nan mai hoton wata mata mai ƙiba. Kuɗin nan kuwa a ɗakunan tsofaffin mata suke, ƙulle cikin tsumma a ƙasan adaka, wasu tun na sadakin iyayensu. Kawu namiji ne, ba ya wuce zaure. Dillaliya yake aikawa, wata mai dogon baki, ta ce wa tsohuwa wannan ai tarkace ne, ta ba ta abin goro ta kwashe.

Ni kuwa aikina shiga ɗaki ne. Awon ciki, rigakafi, karɓar haihuwa, daga ƙauyukan Ƙanƙara har Mairuwa babu labulen da ban ɗaga ba. Ba tsohuwar da za ka auna wa hawan jini ka tsaya ka saurari ciwon gwiwarta, ta hana ka ganin ƙasan adakarta.

"Iya, ba ki da kuɗɗin da?"

"Mi za ki yi da su, Likita? Ko ke ma zoben za ki yi?"

"A'a, Iya. Ajiyewa zan yi, yadda suke."

Wannan maganar ita ke buɗe ƙullin. Da yawansu ba sa son a narka abin, rashin yadda za su yi ne. Wata a Mairuwa ta ba ni dalarta tana gaya mini a gashin kakarta aka kitsa ta ranar aure. Ban cuci kowa ba, nakan biya su abin da ya fi na dillaliya, in ƙara da turmin atamfa ko magani. Aninai da kwabbai masu huda ma karɓa nake, ko da yake ba su da amfani ga Kawu, don kada a gane inda na dosa. Duk dalar da ta shigo hannuna sai in ji sanyi a ƙirji, in ce wannan dai ba za ta ga wutarsa ba.

Na Rumawa ma ban daina nema ba. Duk wanda aka ce ya dawo daga Libiya sai na aika mijina ya tambaye shi. Mafi yawa dariya suke yi, amma wani direba ya kawo mini 'yan ƙanana na tagulla, sun yi kore, kawunan sun shafe rabi. Na jera su a layin farko na akwatin, na bar gurbi ɗaya a sama. Mijina ya ce gurbin na mene ne. Na ce mai shi yana Sabuwa.

Shekaru suka ja. Dillaliyar ta gaji da zuwa ta tarar an riga ta, ta koma sayar da kayan miya. Sannan ɓarayin daji suka lalata hanyoyi, zuwa Funtuwa ma sai da addu'a, balle birane masu nisa inda ake sayen azurfa. Na ji labari Kawu ya koma ƙera zobban farin ƙarfe na yara, almajiransa sun watse zuwa acaɓa. Inna ta gane ni ce na toshe masa hanyar azurfa. Wata rana ta zaunar da ni ta ce ɗan'uwanta yana cikin wani hali, ita ce ta ba shi abin da hannunta, in da laifi a ɗora mata.

"Inna, ke tsoro ya ba ki," na ce. "Shi ya san abin da ya yi."

Akwai abin da duk Sabuwa ta sani. Kowace 'yar Kawu, in za a kai ta ɗaki, da awarwaron dala take tafiya, ƙirar hannunsa, kuma matan gari sukan zo musamman su gani. Aka sa ranar autarsa, yarinya mai kirki wadda nake so ƙwarai. Na san babu dala ko ɗaya a hannunsa. Ban aika ba, ban tambaya ba, na zauna ina jira.

Wata rana da hantsi Kawu ya iso Ƙanƙara, rigarsa duk jar ƙasa. Ya tsufa, wuyansa ya zube. Mijina ya shigo da shi, na shimfiɗa tabarma, na dama fura, na durƙusa na gaishe shi. Ya yi zancen hanya, ya yi zancen damina, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na bar shi ya kewaya har ya gaji.

"An ce kina tara kuɗɗin da," in ji shi, idonsa na kan kwanon fura.

Na ɗauko akwatin na ajiye gabansa na ɗaga murfin. Dalolin suna kwance a jere. Kawu ya ƙura musu ido.

"Bikin ƙanwarki ya matso. Ko biyu ne, ɗiyata."

"Kawu, ka zo mani da ajiyata?"

Mijina ya tuna yana da wani aiki a waje, ya sulale. Kawu ya dubi hannunsa, ya kama zoben ya murɗa. Zoben bai motsa ba. Yatsan ya kumbura a kansa tsawon shekaru, nama ya taso gaba da baya. Na kawo sabulu, na kawo man gyaɗa, ya ja har fatar ta yi ja.

"Kin gani, ya ƙi. Ki bari in na koma maƙera in yanke in aiko maki."

Na shiga ɗaki na ɗauko magagari, irin ƙaramin nan da maƙera ke goge ƙarfe da shi. Na daɗe da saye, yana naɗe cikin ƙyalle domin wannan ranar. Na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa. Sannan ya ɗora hannun bisa gwiwarsa, ya riƙe magagarin da hagu, ya fara gurzawa. Hagunsa ba ta saba ba, tana kucewa tana cin fata. Ban taimaka masa ba, ban kuma kawar da kai ba. Ina zaune ina jin ƙarar, kuma wallahi daɗi na ji. Da ya yanke ya buɗa zoben da haƙoransa, ya zare, ya ajiye bisa tabarma. Wurin ya yi fari ya rame, da ɗan jini a gefe.

Na zaɓi daloli masu kyau na ƙulle masa, isassu, don yarinyar ba ta yi mini komai ba. Ya sa a aljihu ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Wanda ya rasun nan, ni ma ɗana ne hwa."

"Shi ya sa abin ya fi ciwo, Kawu."

Bayan ya tafi na tattara garin azurfar da ya zuba bisa tabarma, na haɗa da yankakken zoben na sa a gurbin. Na juya shi ciki da waje. Ƙarfe ne kawai, da dattin hannun wani mutum a cikinsa, ban san wane ɓangare ne na Yaya ba.

Da yamma Inna ta kira ni a waya, muryarta wasai, ta ce alhamdu lillahi, yanzu dai magana ta wuce. Na tambaye ta jikinta, na tambayi ko ta sha magani. Washegari na nemi mai mashin ya kai ni Mabai. An gaya mini akwai wata tsohuwa can mai fataka da dala, kuma Kawu ya fara aika mata da goro.