Dukushin Baba a Kan Kwalbati

Shekarar da ruwan Tiga ya iso ƙauyenmu, kusa da Bunkure, aka tsaga kanal tsakanin gidanmu da gonarmu. Ba wanda ya tambaye mu. Sai ka haye wani siririn kwalbati marar shinge kafin ka isa gona, ruwa yana gudu a ƙasa, gefensa siminti mai santsi. Na ga saniyar Fulani ta faɗa ciki, ta yi ta karta da kofato har ƙarfinta ya ƙare.

Gwiwoyin Baba sun riga sun gaji, tsohon dokinsa kuma ya mutu. Ya sayo dukushi ja, bai san mai shi na farko ya yanka masa harshe da linzami ba. Da ka hau ka taɓa kamazuru, wato igiyar linzami, sai ya manne haɓa a ƙirji ya fara ja da baya. Hannunka babu komai, kamar ka riƙe igiyar gugan da ta tsinke.

Yayana babur yake so. Kullum a bakin turke sai ya ce, "Baba, wannan ai akuya ce mai sirdi. A kai shi kasuwa."

Baba ya ce, "Kafin a yanke alkama, in bai haye da ni kwalbatin nan ba, ku kai shi."

Ni na karɓi aikin. An cire ni daga makaranta a aji huɗu don in yi ciyawar doki, to ko ba komai doki na sani. Na ajiye linzamin Baba mai tsini, na sa maƙeri ya yi mini wani sumul, na riƙa shafa wa sabon linzamin kanwa. Dokin ya fara lasa, daga baya ya riƙa buɗe baki da kansa. In na hau ba na ja. Sai in matsa shi da ƙafa, in ajiye hannuna wuri ɗaya, in jira. Makonni muka yi muna kewaya fili kamar mahaukata, alkama tana ta yin ja. Wata safiya na ji ya miƙa wuya, wani ɗan nauyi ya biyo kamazuru ya sauka a yatsuna. Shi ya nemo ni. Na kasa ko tari don kada ya fasa.

Ranar gwaji na riƙe wa Baba likkafa.

"Baba, don Allah kada ku ja. Ku riƙe kawai."

"Kai, tun ba a haife ka ba nake hawa."

Yaya yana gefe yana dariya. "Malamin dawaki, a tanadi igiyar tsamo su?"

Suka hau kwalbatin lafiya. Suna tsakiya sai ga tarakta ta taso daga wancan gefe da rugugi. Baba ya fizgi kamazuru, yadda ya saba duk rayuwarsa. Dokin ya manne haɓa, ya fara baya, ƙafarsa ɗaya ta zame a bakin siminti. Ban san lokacin da na yi wa mahaifina tsawa ba.

"Saki! Ka saki!"

Ya saki. Dokin ya tsaya yana rawar jiki. Can ya miƙa wuya a hankali har ya sami hannun Baba, ya taka ya haye.

Na bi su da gudu. Na ce a raina shi ke nan, dokin ya tsira daga kasuwa. Baba ya sauko, ya zauna a ƙasa yana kallon tafin hannunsa.

"Dokin ya koya," in ji shi. "Wannan hannun ne ba zai koya ba. Gobe ma ja zan yi."

"Ni sai in riƙa kai ku, Baba."

"Ka jawo ni kamar amarya? A'a."

Ran kasuwa Baba ya ce a sayar, Yaya ya kwance dokin daga turke. Ni aka sa na ɗaura masa tsohon linzamin mai tsini, wai masu saye ba za su yarda da sumul ɗin ba.