Shekarar da Aka Binne Geron Inna

Ni ba mai fita ba ce. Sai in yi wata guda ban leƙa bakin zaure ba, in ba suna ko gaisuwar rasuwa ba. Boko kuwa aji uku na yi. Amma Allah Ya ba ni kunne, kuma ina da wata 'yar rediyo mai cajin rana da nake jinginawa a jikin randa tun safe. Abin da ya shiga kunnena ya shiga ke nan. Shi ya sa har yau in na tuna shekarar da aka binne geron Inna sai raina ya ɓaci sabo, domin na faɗa, da bakin nan nawa na faɗa, ba wanda ya saurare ni.

Geron nan ba irin na kasuwa ba ne. Na mahaifiyata ne, daga ƙauyensu can wajen Baure ta taho da shi, gajere mai saurin nuna, furarsa har ƙamshi take yi. Da ta ga ƙarfinta ya ƙare sai ta damƙa mini irin, ta ce kada in bari ya ɓace. Duk damina Malam, maigidana, yakan shuka mini shi a gefen gonarsa ta hanyar Mai'adua. In an yi girbi ni nake zama in zaɓi manyan zangarniyu, in rataye su a rufin madafa inda hayaƙi ke bugunsu. Bazara ta kama sai in sauke, in sussuke, in gauraya da toka in zuba a tulu, a jira ruwa.

Bazarar shekarar nan ba ta yi mana da sauƙi ba. Bango zafi, tabarma zafi, ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta. Kaji su kwanta a gindin darbejiya baki buɗe. Kowa a Daura idonsa na gabas, ana gaisawa ana kallon sama.

Ranar wata Laraba da hantsi ina tsince wake, aka sa mai hasashen yanayi a rediyo. Na ajiye faifai na kasa kunne. Ya ce mu na arewacin Katsina, ya kira Daura da Baure da Mai'adua da bakinsa, za mu ga hadari mai iska da tsawa cikin makon nan. Amma ya ce kada ya ruɗi manoma, domin alamu sun nuna bayansa ruwa zai ɗauke sati biyu ko uku. A dakata da shuka sai ruwa ya zauna. Sau uku ya ce in Allah Ya so, ina ƙirgawa.

Da la'asar sai ga ƙanen Malam a kan babur. Mutum ne mai furfura a gemu, amma tun ina amarya muke wasa da shi, bai daina ba.

"Matar Yaya, a ba miji ruwa mana, ko sai na kai ƙara?"

"Ga randa can, ƙafarka ba ta karye ba."

Ya sha, ya zauna kusa da Malam a inuwa, ya ce daga Mai'adua yake, duk hanya mutane sun fita binne. Binne shi ne a sare busasshiyar ƙasa a zuba iri a rufe tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira, ruwan fari na dukansa ya tashi, mutum ya riga kowa. In ruwan ya yi yawa an ci riba. In ɗan kaɗan ne, ya ta da irin sannan ya ɗauke, shi ke nan, tsiro ya ƙone.

Daga ƙofar madafa na ce, "Malam, ku dakata. Mai hasashe ya ce hadarin nan na yaudara ne, bayansa akwai fari."

Ƙanen ya ƙyalƙyale da dariya har yana dukan cinya. "Wane mai hasashe? Wanda ke zaune a ɗaki mai sanyi a birni, bai taɓa riƙe sungumi ba? Matar Yaya, ke da ko hanyar Kusugu sai an nuna miki, yaushe kika fara duba?"

"Ni ban san hanya ba, amma na san abin da na ji. Kai da ka san hanya, bara wa ya shuka gyaɗa sau biyu?"

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Ke, ruwa na Allah ne. A daina shiga gaibu."

Wannan maganar ta fi ta ƙanensa yi mini ciwo. Ni na ce ruwa nawa ne? Mutumin nan sau uku ya ambaci Allah, ya fi su biyun ambato a zaman nan. Na haɗiye, na ce, "To, ku binne naku. Na Inna ku bar mini shi a tulunsa."

Malam ya ce, "Na ji." Shekara talatin muna tare, ya kamata in san wannan "na ji" ɗin ba amincewa ba ce.

Washegari maƙwabciyata da ta haihu ta aiko in dama mata kunun kanwa. Ta 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu na bi, ban fi awa biyu ba. Na dawo na tarar da tulu a kife a tsakar gida, toka a warwatse, kaji na tono. Ko ƙwaya.

Da Malam da ƙanensa suka dawo daga gona da azahar, jikinsu duk ƙasa, Malam har da fara'arsa. "Ai gefenki muka fara yi. Gata muka yi miki, naki zai riga na kowa."

Gata! A shiga madafata, a ɗauki abin da uwata ta bar mini, a zuba a busasshiyar ƙasa, sannan a jira in yi godiya. Ban yi ba. Tuwon ranar ma da gudaji na tuƙa shi, kuma ina sane.

Asabar da la'asar hadarin ya taso. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara da kwashe shanya, ta ɗaga kwanon rufin maƙwabta tana bugawa. Walƙiya, tsawa, awaki na kuka, sai ƙamshin ƙasa ya cika gida. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na jera bokitai a bakin indararo ina roƙon Allah Ya ƙaryata mai hasashe, Ya ƙaryata ni, a yi mini dariya shekara guda ma na yarda. Amma kafin ruwan tuwo ya tafasa ya ɗauke. Na tsuguna a tsakar gida na soka yatsa. Gaɓa biyu ce ta jiƙe, ƙarƙashinta busasshiya.

Ƙanen Malam ya leƙo da rigarsa a jiƙe. "Matar Yaya, ina mai rediyonki? A kira shi ya zo ya tari ruwa!"

Gero ya tsiro, suna ta murna. Daga nan sama ta wanke tas. Kullum da yamma hadari ya haɗu, ya yi ta cida, iska ta zo ta watsa shi. Sati ɗaya, sati biyu. Aka fita roƙon ruwa. Malam in ya dawo daga gona na tambaye shi, sai ya ce da sauƙi. Babur ɗin ƙanensa kuwa na daina jin ƙararsa a ƙofar gida.

Ranar da na gaji da jin da sauƙi, na yafa mayafi na fita. Ni da ban taɓa zuwa gonar nan ba, da tambaya na kai kaina. Na sami gefena. Tsiron ya kwanta a bakin ramuka kamar zaren da wuta ta lasa, in ka taɓa ya murmushe a hannu. Na bi layi ɗaya har ƙarshe ina neman kore ko guda, babu. Ban yi kuka ba. Haushi bai bar wa kuka wuri ba.

Ruwa ya dawo cikin sati na uku, kamar yadda aka faɗa. Maza suka samo iri a kasuwa suka sake shuka, nasu ai ko'ina akwai. Ƙanen Malam ya ce ƙaddara ce. Na ce, "Ƙaddara ce ta san inda nake ajiye tulu?" Na aika Baure wurin dangin Inna, aka ce sun daɗe da komawa sabon iri, ba mai shi.

Ina zaune a madafa ina kallon rufi, sai idona ya kai kan wasu zangarniyu uku da na soke a jikin azara. Ramammu ne, na ƙi su lokacin zaɓe, na ce na kaji ne, na manta. Hayaƙi ya mai da su baƙi, shi ya sa ba wanda ya kula. Na taka turmi na sauko da su. A bayan ɗakina na shuka su da kaina, na kewaye da tsohon gidan sauro saboda awaki. Damina uku ina haka kafin tulu ya kai rabi.

Har yau Malam bai ce in yi haƙuri ba. Amma bana da zafi ya tsananta, na lura yana yawan zuwa shan ruwa daidai lokacin da ake sa mai hasashe. Ya tsaya da moɗa a hannu, yana kallon wani wuri, ya ce, "Me mutumin naki ya ce bana?"

Na gaya masa, tiryan-tiryan, har da in Allah Ya so ɗin. Sai dai tulun ya bar madafa. Yana cikin akwati a ƙarƙashin gadona, makullin na ƙulle a bakin zanina, kuma irin ba ya fita sai an yi ruwan da na soka hannu a ƙasa na ji sanyi har wuyan hannu.